Le Pont-de-Montvert: Ƙauyen Faransa Inda Jaki da Burtali Suke da Daraja

In aka ambaci Faransa a wurinmu, birnin Paris ne ke fara faɗo wa mutum a rai, da dogayen benaye, da jirgin ƙarƙashin ƙasa, da fitilun da ba sa mutuwa. To amma Paris ba ita ce Faransa duka ba. Ƙasar tana da ƙananan hukumomi wajen 35,000, kuma mafi yawansu ƙauyuka ne waɗanda mutanensu ba su kai dubu ba. A wannan wata za mu kai masu karatu ɗaya daga cikinsu, wato Le Pont-de-Montvert, wanda ke jahar Lozère a kudancin ƙasar, cikin duwatsun da ake kira Cévennes. Mun yi kwana huɗu a can cikin watan Yuni.

Lozère ita ce jahar da ta fi ƙarancin jama'a a duk Faransa. Mutanenta ba su wuce 77,000 ba, alhali kuwa a ƙarni na 19 sun haura 140,000. Wato cikin ƴan shekaru da ba su kai 150 ba kusan rabin jama'ar sun watse, sun tafi neman abinci birane da ma'adinan kwal na Alès. Duk wanda ya san yadda cin rani ke kwashe samari daga ƙauyukanmu ba zai sha wuyar fahimtar wannan labari ba. Abin da ya ja hankalinmu shi ne yadda waɗanda suka rage suka tsaya da ƙafafunsu. Ba wata masana'anta aka kafa musu ba. Abubuwan da a da ake ɗauka alamar talauci ce, wato jaki, da burtali, da tsohon gidan dutse, da makiyayi da sandarsa, su ne yau suke jawo baƙi daga ƙasashe daban-daban, su ne kuma suke ciyar da gari.

Hanya da gari

Daga birnin Nîmes muka shiga jirgin ƙasa da ya nufi arewa. Bayan ya wuce Alès sai ya fara hawa, yana ratsa ramukan da aka huda cikin dutse, yana bi ta kan dogayen gadoji, har muka sauka a ƙaramar tashar Génolhac. Daga nan mota ce ta ɗauke mu tafiyar kilomita wajen 30 a kan wata siririyar hanya mai lanƙwashe-lanƙwashe, wadda mota biyu ba sa gilmawa sai an yi hattara.

A gefen hanya mun riƙa ganin gonaki hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa an tokare shi da katangar dutse da aka jera ba siminti ba laka. Kakannin mutanen nan ne suka gina su da hannu, wani lokaci ma a baya suke goyo ƙasa daga kwari su hau da ita, don su sami inda za su dasa wani itace da suke kira shatenyi. Ƴaƴansa suna cikin ɓawo mai ƙaya, in an gasa su ɗanɗanonsu ya yi kusa da na dankali. A da shi ne hatsin mutanen Cévennes, har suna yi masa laƙabi da itacen burodi. Sukan busar da ƴaƴan da hayaƙi a wani ɗan ɗakin dutse, su ajiye su ci har shekara, su ba dabbobi ganyen, su yi rufin ɗaki da itacen. Da wata cuta ta faɗa wa itatuwan wajen shekarun 1870, bayan wata ta riga ta kashe tsutsar siliki da suke kiwo don samun kuɗi, sai ƙaura ta kankama. Yawancin waɗannan gonaki yau daji ya cinye su, kuma akwai ƙauyukan da suka zama kufai.

Shi Le Pont-de-Montvert yana zaune a tsayin mita wajen 875 daga bakin teku, a wurin da wasu rafuka biyu, Rieumalet da Martinet, suka haɗu da kogin Tarn. Gidajen duk na dutsen granit ne, irin mai taurin nan da ake sassaƙa dutsen niƙa da shi, masu hawa biyu zuwa uku, sun matse juna a bakin ruwa. Mazauna garin wajen 300 ne kafin 2016, shekarar da aka haɗe shi da maƙwabtansa biyu suka zama ƙaramar hukuma ɗaya. Duk da ƙanƙantarsa akwai lakwal, da gidan burodi, da ƴan kantuna, da masaukin baƙi, da filin kafa tanti. Cikin rabin sa'a mutum zai zagaye shi kaf. Ƙarar ruwa ba ta yankewa dare da rana, kuma ruwan garau yake, ana ganin kifi yana yawo tsakanin duwatsu. Da rana ta take sai ka ga yara da manya suna wanka a ƙananan gurabe, ko da yake sanyin ruwan ba na wasa ba ne, don daga kan dutse yake gangarowa.

Gada da abin da ta gani

Garin ya ci sunansa daga gadar da ke tsakiyarsa. Gada ce ta dutse mai doro, ginin ƙarni na 17, da wata hasumiya a bakinta inda a da ake karɓar kuɗin fito, yanzu kuwa agogon gari ne ke maƙale a jikinta. Baƙi suna tsayawa a kanta suna ɗaukar hoto, amma wurin yana da tarihi mai ɗaci.

Mutanen Cévennes Kirista ne ƴan ɗariƙar Furotesta, sarautar Faransa kuwa ta Katolika ce. A 1598 Sarki Henri na 4 ya kafa dokar da ta ba ƴan Furotesta izinin yin ibadarsu. A 1685 jikansa, Sarki Luwi na 14, ya soke ta. Aka rushe wuraren ibadarsu, aka kori malamansu, aka saukar da soja a gidajen mutane don a tilasta musu su sake ɗariƙa. Wanda aka kama a taron ibada a ɓoye, in namiji ne a kai shi tuƙin jiragen ruwan sarki cikin sarƙa, in mace ce a kulle ta. Fita daga ƙasar ma laifi ne.

A wannan gari akwai wani babban limamin Katolika da ake kira Abbé du Chayla, wanda ya tsare wasu matasa da aka kama suna ƙoƙarin gudu zuwa Geneva, ya kulle su a wani gida kusa da gada. Daren 24 ga Yuli, 1702, mutum 50 zuwa 60 suka gangaro daga dutsen Bougès, suka nemi a saki fursunonin. Da aka ƙi, suka fasa gidan, suka cinna masa wuta, suka kashe limamin. Ba a yi mako uku ba aka kama ɗaya daga cikin jagororinsu, Esprit Séguier, aka ƙone shi da rai a nan garin ranar 12 ga Agusta. Daga nan yaƙin da ake kira na Camisards ya ɓarke, inda manoma da makiyaya da masu sharce ulu, ƴan dubbai kaɗan, suka riƙe sojan sarki mafi ƙarfi a Turai har shekara biyu, saboda sun san kowane kwazazzabo da kowane kogo. A 1703 sojan suka ƙone ɗaruruwan ƙauyuka don su hana su abinci. Sai a 1787 doka ta sake amincewa da ƴan Furotesta.

Har yanzu in kana tafiya a karkarar za ka ga ƴan kaburbura a gefen gona, domin a wancan zamani an hana su maƙabarta, sai kowane gida ya binne nasa a filinsa. Yau majami'un ɗariƙun biyu suna tsaye a garin, ba mai ce wa wani kanzil. Kuma jikokin waɗanda aka farauta ba su manta ba: lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ƙauyukan Cévennes sun ɓoye Yahudawa da sauran masu gudun ƴan Nazi da yawa.

Yadda jaki ya zama mai kawo baƙi

Kashegari da sassafe muka je wurin wani mai ba da hayar jakuna a bayan gari. Jama'a masu karatu, kada ku yi dariya. A nan Turawa masu motoci da albashi mai tsoka suke biyan kuɗi don su yini suna jan jaki.

Asalin abin wani marubuci ne ɗan ƙasar Sikotilan mai suna Robert Louis Stevenson. A 1878, yana da shekara 27, ya sayi wata ƴar jaka a garin Le Monastier kan faran 65 da kofin giya, ya raɗa mata suna Modestine, ya ɗora mata kayansa. Ya tashi ranar 22 ga Satumba, ya yi kwana 12 yana tafiyar ƙasa, wajen kilomita 200, wani dare a masauki wani dare a fili, har ya isa Saint-Jean-du-Gard ranar 3 ga Oktoba, inda ya sayar da ita kan faran 35. A hanya ya ratsa ta Le Pont-de-Montvert, wata ranar Lahadi. Shekara ta zagayo ya buga littafi a kan tafiyar, wanda rabinsa labarin gardamar jakar ne. Daga baya ya zama shahararren marubuci a duniya, mutane suka fara sha'awar bin sawunsa.

A 1994 masu masauki da masu jakuna da sauran mazauna yankin suka kafa ƙungiya don su raya hanyar. Yanzu tana da lamba, GR 70, ta tashi daga Le Puy-en-Velay zuwa Alès, kilomita wajen 270, kuma dubban mutane ke binta kowace shekara. An shafa mata alama da fenti a jikin duwatsu da itatuwa, farin layi a sama ja a ƙasa, ta yadda baƙo ba zai ɓata ba. A 2020 aka fitar da wani fim na ban dariya mai suna Antoinette dans les Cévennes, labarin wata malamar lakwal da jakinta a wannan hanya, masu zuwa suka ƙaru. Kowane matafiyi sai ya ci, ya kwana, ya sayi burodi da cuku da zuma. Kuɗin nan kuwa a ƙauyukan suke zama.

Mai jakunan bai miƙa mana igiya ba sai da ya yi mana darasi. Ya nuna mana yadda ake goge bayan jakin da buroshi kafin a ɗora akumari don kada tsakuwa ta ji masa ciwo, da yadda ake duba kofato, da yadda ake auna jakunkuna biyu da ma'auni don nauyinsu ya zo daidai kamar mangala. Kaya ba sa wuce kilo 40. Babba ba ya hawa, sai dai ƙaramin yaro in ya gaji. Duka kuwa babu shi sam. Kowane jaki yana da suna, da takardar likitan dabbobi. Mu da muka tashi muna ganin jaki da buhu biyu na gero, da mai shi a zaune a kai yana zabga masa sanda, mun tsaya muna kallo. Halin jaki dai ɗaya ne ko'ina: in ya ga ciyawa mai kyau sai ya tsaya, in ya ga kadarkon katako sai an lallashe shi. A sa'a guda bai fi ya yi kilomita uku ba, kuma masu zuwa nan wannan nawar suke nema, don ita ce ke ba su damar kallon abin da ke gefen hanya.

A kan dutsen Lozère

Daga gari hanya ta miƙe sama, ta bi ta tsakanin wasu manya-manyan duwatsu masu santsi da suka warwatsu a kan tudu kamar garken giwaye a kwance. A watan Yuni wani ɗan tsiro mai furanni rawaya ya rufe gangaren duka, ƙamshinsa ya cika iska. Muka wuce ɗan ƙauyen Finiels, muka ratsa kurmin itatuwa, sa'an nan itatuwa suka ƙare, sai fili fetal na gajeriyar ciyawa. Ƙololuwar Finiels ita ce wuri mafi tsawo a jahar, mita 1,699, wato mun hau sama da mita 800 daga inda muka kwana. In gari ya waye garau ana iya hango duwatsun Alps ta gabas, da Bahar Rum ta kudu. Iska tana kaɗawa ba ƙaƙƙautawa, har sai da muka sa rigunan sanyi ana tsakar lokacin zafinsu.

A gangaren arewa an kakkafa dogayen duwatsu a tsaye, ɗaya bayan ɗaya a jere. Mutanen da ne suka kafa su don su nuna hanya sa'ad da dusar ƙanƙara ta binne komai. Domin da hunturu wannan wuri yana kisa. Iska takan kwaso dusar ƙanƙara ta haɗa da hazo, mutum ya kasa ganin tafin hannunsa, ya yi ta zagaye wuri ɗaya har sanyi ya gama da shi, wataƙila taku kaɗan daga ƙofar gida. Saboda haka wasu ƙauyukan dutsen, irin su La Fage da Les Sagnes, suka gina ƴan hasumiyoyi na dutse da ƙararrawa a sama. In guguwar ta taso sai a yi ta kaɗa ƙararrawar, dare ko rana, don wanda ya ɓace ya bi sautin ya iso. Ba a san ko akwai wani a waje ba, ba a san ko ɗan gari ne ko baƙo ba, amma ana kaɗawa. Hasumiyoyin suna nan har yau, kuma a duk abin da muka ji labarinsa a wannan tafiya babu wanda ya fi su shiga ranmu.

Da dare kuma akwai wani abin kallo. Tun 2018 aka amince da yankin a matsayin wurin da ake kare duhun dare, ƙauyuka da dama suna rage fitilun titi ko su kashe su. Mutanen birni waɗanda hasken lantarki ya hana su ganin sama suna tahowa takanas don su kwanta a ciyawa su kalli taurari, abin da yaron ƙauyenmu yake gani kyauta kowane dare daga kan tabarmarsa.

Burtalin Turawa

Rana ta uku muka nufi gabas, wajen mafarin kogin Tarn. Akwai wata tsohuwar gadar dutse a can, ita kaɗai a tsakiyar fili, ana kiranta Pont du Tarn, kusa da ɗan ƙauyen L'Hôpital. Ta kanta wata faffaɗar hanya ta bi, wadda ba ta mota ba ce. Mutanen wurin suna kiran irinta diray. Da muka dube ta da kyau muka ga ai burtali ne.

A filayen Languedoc da ke kusa da teku ciyawa takan bushe da zafi. Saboda haka tun zamanin da ba a iya tunawa, makiyaya suke koro tumakinsu a watan Yuni su hau duwatsu, tafiyar kwanaki a ƙasa, su zauna har Satumba sa'an nan su gangara. Ana rataya wa tumakin ƙararrawa, a yi wa na gaba ado da tuntayen ulu masu launi, ƙauyukan da ke kan hanya su fito kallo. Mun tarar da wani garke na ɗaruruwan tumaki ya bazu a gangare, makiyayi ɗaya da karnukansa suna tsaronsa. Can gefe kuma ga shanun Aubrac, jajaye-jajaye masu baƙin ido kamar an sa musu kwalli.

A da akwai wata yarjejeniya tsakanin makiyayan da manoman dutsen. Ƙasar wurin ba ta da ƙarfi, ba ta ba da hatsin da suke nomawa, wani dangin alkama da suke kira segil, sai da taki. To sai makiyayi ya kwana da garkensa a gonar wannan yau, gobe a ta wancan, ana ƙidaya dararen ana raba su tsakanin masu gona, su kuma su ciyar da shi. Wanda ya taɓa ganin Bafulatani ya sauka da shanunsa a gonar Bahaushe bayan girbi, ana ba shi dammunan gero saboda taki, ya san wannan ciniki. Takin zamani da ƙaurar manoma suka kashe shi a can. Garkunan suka ragu ƙwarai, burtali da yawa suka toshe da ƙaya.

Sai da aka kusa rasa abin aka gane amfaninsa. Inda tumaki suka daina kiwo, itatuwa da sarƙaƙiya suna mamaye fili, tsirrai da tsuntsayen da ke son sarari su ɓace, gobarar daji ta sami abin ci. A 1970 gwamnati ta mai da yankin gandun ƙasa na Cévennes, mai hedkwata a Florac. Amma ba a kori mutane daga cikinsa ba. Akwai ƙauyuka da gonaki a tsakiyar gandun, kuma hukumarsa tana taimaka wa makiyaya da wuraren kiwo da ɗakunan kwana a kan dutse. A 2011 hukumar UNESCO ta sa yankin Causses da Cévennes cikin jerin kayan gadon duniya, ba don wata fada ko wani babban gini ba, sai don yadda kiwo ya siffanta ƙasar. A Disamba 2023 kuma ta sa ita kanta al'adar hawa da sauka da garke ta Faransa cikin gadon al'adun ɗan Adam. Burtalin da tumaki ke bi, shi ne kuma masu yawon ƙasa suke bi.

Ba a nan aka tsaya ba. A wasu gangare ana ganin amya irin ta da, wato gungumen shatenyi da aka rarake aka kife shi da falalen dutse, kuma akwai masu ƙoƙarin raya baƙar zumar yankin a cikinsu. Cukun awaki da ake kira Pélardon ya sami kariyar doka a shekarar 2000, ba mai sayar da wani cuku da wannan suna sai wanda aka yi a yankin bisa ƙa'ida. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Kwazazzabo da ungulaye

Rana ta ƙarshe muka bi kogin ya gangara yamma. Kafin a yi nisa akwai wurin da ruwa ke faɗowa daga tsayin mita kusan 60 kusa da ƙauyen Rûnes, ana isa da ƙafa cikin ƴan mintoci. Florac tana da nisan kilomita wajen 20 daga masaukinmu. Bayan an wuce ta, ɗan rafin nan da muka tsallaka a kan dutse ya zama kogi, ya yanka wani kwazazzabo mai tsawon kilomita wajen 50, wanda zurfinsa a wasu wurare ya kai mita 500. A Sainte-Enimie ana ba da hayar kwalekwale na roba, da filafili, da rigar da ke hana nutsewa. Mutum ya tuƙa da kansa ya gangara, mota ta je ta ɗauko shi a ƙasa. Wanda ba ya son tuƙi sai ya je La Malène, inda masu fito suke tura jirgi da gora kamar yadda kakanninsu suka yi tun ba a fasa hanyar mota ba.

Muna cikin ruwa muka ɗaga kai muka ga manyan ungulaye suna shawagi a saman duwatsu, faɗin fikafikansu ya haura mita biyu da rabi. Guba da harbi sun ƙarar da su a yankin wajen shekarun 1940. Daga 1981 aka fara sakin wasu da aka kawo daga waje, yau sun hayayyafa sun kai ɗaruruwa. Makiyayi in tunkiyarsa ta mutu yana da wurin da doka ta yarda ya ajiye mushen, su kuwa su share shi cikin ɗan lokaci. Har gidan kallo aka gina musu a kwazazzabon Jonte, da madubin hangen nesa, ana biya a shiga.

Ba duka ne zuma ba

Kada mai karatu ya ɗauka mutanen nan ba su da damuwa. Baƙi na lokacin zafi ne. Daga Nuwamba zuwa Afrilu gari yakan yi tsit, kuma gidaje da dama na mutanen birni ne da ke zuwa hutu kawai, tagoginsu a rufe mafi yawan shekara, abin da ke sa saurayin da ke son zama ya sha wuyar samun gida. Babban asibiti yana da nisa. Da kaka akan yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, koguna su cika su yi ɓarna. Kyarkeci, wanda aka ƙarar a da, ya komo Faransa tun 1992 ya kuma iso Lozère, yana kashe tumaki, gardama tsakanin makiyaya da masu kare namun daji ba ta ƙare ba.

Wanda ya sami hali ya je, watannin Yuni da Satumba sun fi daɗi. Ya tanadi takalmi mai ƙarfi, da rigar sanyi, da gorar ruwa, ya kama masauki tun da wuri. A cikin gandun ba a hura wuta, ba a zubar da shara, kare sai da igiya. In ya haɗu da garke ya zagaye shi daga nesa saboda karnukan tsaro. Wanda ba ya cin naman alade ya riƙa tambaya kafin a zuba masa abinci, don yana da yawa a girkinsu.

Mu dai abin da muka komo da shi tunani ne. A Nijar dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun amince da burtali da haƙƙin makiyayi na tafiya da bisashensa, amma kowa ya san yadda gonaki ke cin burtali kaɗan-kaɗan, da irin jinin da akan zubar a kan haka lokacin kaka. Jaki ma sai da gwamnati ta hana fitar da shi waje a 2016 saboda masu sayen fata sun kusa ƙarar da shi. Ungulun da muka saba gani a mahauta ta yi wuyar gani a garuruwa da yawa. Mutanen Lozère sai da suka rasa rabin jama'arsu kafin su san darajar abin da ke hannunsu, kuma sun kashe kuɗi da shekaru masu yawa wajen komo da abin da ya ɓace. Namu bai gama ɓacewa ba tukuna. Riƙe shi yanzu ya fi sauƙi, ya kuma fi araha, a kan nemansa bayan ya tafi.